Yadda ake haɗa dosiye mai ƙarfi na neman kadet ɗin tuƙin jirgin sama, ga ƙannenmu na Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata. Maganar kadet ce, wato tsarin da kamfanin jirgin sama ke ɗaukar matashi wanda bai taɓa tuƙa jirgi ba, ya tura shi makaranta, in ya gama ya zaunar da shi a kujerar dama a matsayin mataimakin matuƙi. Wani kamfanin shi ke biyan kuɗin gaba ɗaya, wani ya biya rabi, wani kuma banki zai tsaya maka ka ci bashi a riƙa cira a albashinka shekara da shekaru. Ina koyar da lissafi da fizik a lise nan Garwa, kuma da wuya shekara ta wuce ban samu ɗalibin ajin ƙarshe da zai ce min malam ni fa jirgi nake so in tuƙa ba, kuma abin da ke ci min rai shi ne yawancinsu suna da kai sosai, abin da ke kayar da su sanarwa ce za ta fito a ba da sati biyu ko uku, yaro ba shi da faspo, sunansa na takardar haihuwa daban na bak daban, Ingilishi bai zauna a bakinsa ba, kafin ya gama zarya tsakanin meri da kotu an rufe karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zan jero matakan a yadda ya kamata a bi su, kuma dan Allah kar a tsallake wani a kama wani, bin su a jere shi ke hana asarar kuɗin iyaye.

Abu na farko, kafin ka kashe ko dala ɗaya, ka karanta sharaɗin ƙasa. Nan mutane da yawa ke ɓata watanni a banza. Kadet ɗin Air France da ake ta yawo da hotonsa a WhatsApp na 'yan Tarayyar Turai ne da ƙasashen da ke haɗe da ita irin su Norwe da Suwizalan, in faspo ɗin Kamaru ko na Chadi kaɗai gare ka to ba ka ciki, komai daɗin Faransancinka. Na Emirates wanda kamfani ke biya na 'yan ƙasarsu ne, makarantarsu ta Dubai tana karɓar baƙi amma da kuɗinka. Ethiopian ma haka, 'yan Habasha take ɗaukar nauyi, baƙo kuma ya biya ya yi karatu a makarantarta ta Addis Ababa. Toh mu ina za mu sa ido? Kan Camair-Co, da hukumar jiragen sama ta Kamaru wato CCAA a Yawunde, da ma'aikatar sufuri, da guraben karatu na waje da ma'aikatar ilimi mai zurfi ke sanarwa. 'Yan Chadi ku kuma hukumar jiragen samanku wato ADAC a Njamena da ma'aikatar da ke riƙe da harkar jiragen sama. A riƙa leƙa kamfanonin yanki ma irin su ASKY ta Lome. Akwai hanyar soja, ga sansanin sojan sama nan a Garwa muna ganin jiragensu kullum, amma wanda ya bi ta nan ya sani soja ne shi kafin ya zama matuƙi. Kuma irin wannan sanarwa ba ta da lokaci tsayayye kamar bak, ana iya yin shekaru shiru, kamfanonin namu ma ba su cika daɗewa ba, Tchadia Airlines da aka buɗe a 2018 ta rufe a 2022. Shi ya sa in ƙofa ta buɗe wanda takardunsa ke cikin jaka shi ke shiga.

Ka duba shekaru ma. A ƙa'idar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ba a ba mutum lasisin tuƙin haya wato CPL sai ya kai 18, babban lasisi na ATPL kuma sai 21 tare da awa 1,500 na tuƙi. Iyakar shekaru ta sama kowane kamfani shi ke yanka tasa, tana cikin sanarwar.

Mataki na biyu lafiya, kuma nan zan daɗe don wallahi na ga gidan da aka sayar da shanu da fili kafin a gane yaro ba ya bambanta ja da kore. Matuƙin kamfani sai da takardar lafiya ta aji na 1, kuma ba kowane likita ke ba da ita ba, sai wanda hukumar jiragen sama ta amince masa, CCAA ko ADAC za su faɗa maka su waye, in kuma a wata ƙasa za a yi karatun to hukumar can ce za ta sake duba ka da nata likitan. Amma kafin ka yi doguwar tafiya kudu, akwai gwaje-gwaje masu araha da za ka yi a babban asibitin garinku su nuna maka inda ka dosa.

Ka fara da ido. Ka ce wa likitan ido ya gwada ka da littafin Ishihara, wani littafi ne mai shafuka cike da ɗigo-ɗigo masu launi, a cikinsu an ɓoye lamba, mai lafiyayyen ido zai ga 74 wani kuma ya rantse 21 yake gani. A ƙa'idar Turai shafi 15 na farko ake so ka karanta ba kuskure ko ɗaya, in ka yi kuskure akwai wani gwajin na gaba da na'ura, amma dai ka san da matsalar tun yanzu. Gado ne, ya fi kama maza, ba shi da magani, kuma kar wani ya ba ka shawarar ka haddace shafukan don fitilun titin jirgi da na allon matuƙi da launi suke magana, ran mutane ne. Tabarau kuma ba ya hana tuƙi, ku daina yaɗa wannan. Abin da ake nema a gwajin karanta allon haruffa daga nesa kowane ido ya kai 6/9, biyun a haɗe 6/6, da tabarau ko babu. Kar kuma ka ruga a yi maka aikin leza kafin ka ji ta bakin likitan jirgi.

Sai jini. Mu nan yankin sikila ne, ka yi gwajin da ke nuna ko AA kake ko AS ko SS. Mai SS ba a ba shi aji na 1, mai AS kuma a ƙa'idar ICAO galibi ba ya hana shi, sai dai wasu kamfanoni da soja suna da nasu tsaurin, ka tambaya a rubuce. A auna hawan jini, a Turai wanda nasa ke zama sama da 160/95 ba ya wucewa sai an daidaita shi. A auna suga, a yi gwajin zuciya na ECG, a gwada kunne. Kunnen nan ku kula da shi, saurayi yana kan moto duk yini da abin sauraro a kunne ya ƙure sauti, ko yana taya babansa aiki a injin niƙa ba toshiya, ji yana raguwa a hankali bai sani ba sai na'ura ta tona. Maganar tramol da wiwi ba sai na ja ta ba, ana gwada fitsari, kuma wanda aka kama an gama da shi. A takardar tambayoyin likita kar ka ɓoye farfaɗiya, suma, asma ko wani aiki da aka taɓa yi maka. Wasu cututtukan ana sasantawa in ka faɗa, amma ƙaryar da aka gano daga baya lasisin take ci, bashin kuma yana nan a wuyanka.

In lafiya ta yi kyau, mataki na uku takardu. Ka baje su duka a tabarma: takardar haihuwa, BEPC, probatuwar, bak, katin ɗan ƙasa, faspo in akwai. Ka bi su harafi harafi. Matsalarmu ta arewa sananniya ce, a takardar haihuwa Mohamadou, a bak Mouhamadou, a kati Mohammadou, a Chadi kuma Mahamat ya koma Mahamad, ko sunan uba ya hau gaba a nan ya koma baya a can. A lise ba wanda ya damu, amma kamfanin jirgi da ofishin biza suna iya ajiye dosiyenka a kan harafi ɗaya. Wanda aka rubuta masa né vers ba rana ba wata, ko wanda ba shi da takardar haihuwa sai ta kotu wato jugement supplétif, ya fara gyara yau, don aikin kotu da na ofishin bak ba sa sauri. Kuma ina roƙonku da Allah kar a je rage shekaru. Ana binciken baya a wannan aiki, takarda biyu masu shekaru daban sun isa a kira ka mai jabu.

Faspo ɗin Kamaru na zamani tun 2021 ta intanet ake fara rajistarsa, kuɗinsa sefa 110,000, yana aiki shekara 5. Ka yi shi tun kafin ka ji wata sanarwa. Takardar shaidar ɗan ƙasa ta kotu, kofi-kofi masu tambur da sa hannun hukuma na haihuwa da difloma da takardar maki, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, duk a tanada. Kasiye judisiye, wato bulletin n°3, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, shi ba a yin sa da wuri don wata 3 yake yi ya mutu, amma ka san kotun da za ka je da kwana nawa take ɗauka, wanda aka haifa a Kuseri yana zaune a Ngaundere ya lissafa hanyar komawa kotun inda aka haife shi. In makarantar ta masu Ingilishi ce za su so fassara daga mai fassara da kotu ta rantsar, ba ta abokinka mai Turanci ba. Ka kai komai wurin masu sikana a yi maka PDF mai tsabta, ban da hoton waya da inuwar yatsa a gefe, ka sa wa kowane fayil sunanka da sunan takardar, ka ajiye a imel da kuma filas. Imel ɗin ya zama sunanka na gaskiya, kuma ka share shirmen da ke Facebook da TikTok ɗinka don kamfanoni suna dubawa.

Na huɗu karatu. Bak C, D ko E, ko GCE A Level mai lissafi da fizik, su aka fi nema, kuma takardar maki suke kallo ba difloma kawai ba. Ƙanena in kana sekwand yanzu ka dage ka shiga C. Wanda ya riga ya ci bak kar ya zauna a majalisa yana jiran sanarwa, ya yi rajista a jami'a, ta Ngaundere da ke Dang ko Politeknik ta Marwa ko jami'ar Garwa ko ta Njamena, don wasu shirye-shiryen suna neman shekara biyu ko lisans bayan bak, kuma shekarar da ba ka iya faɗin abin da ka yi da ita ba tambaya ce mai nauyi a intabiyu.

Na biyar Ingilishi, kuma a ganina shi ne katangar da ta fi tsayi a gabanmu, ga shi ba a gina shi a wata ɗaya. ICAO ta raba iya Ingilishin matuƙi mataki 6, mafi ƙanƙanta da ake karɓa shi ne 4. Fanni shida ake aunawa: furuci, nahawu, yawan kalmomi, gudun magana, fahimta, da iya amsawa da neman ƙarin bayani, kuma wanda ka fi rauni a ciki shi ne makinka, wato ka ci 5 a biyar ka ci 3 a furuci to 3 gare ka. Kamfanoni da yawa kuma tun a dosiye suke neman sakamakon jarrabawar Ingilishi irin TOEIC ko IELTS ko TOEFL, makin da suke so yana cikin sanarwa, kuma sakamakon shekara 2 yake aiki. Ka shiga cibiyar koyon harsuna ta gwamnati in akwai a garinku, Garwa muna da ita. Kullum ka saurari rediyo na Ingilishi rabin awa, ka buɗe shafin intanet na LiveATC ka ji yadda matuƙa ke magana da hasumiyar filin jirgi mai ba su umarni, farko ba za ka kama komai ba sai lambobi, bayan wasu makonni kunne zai buɗe. Ka haddace harufan rediyo, Alfa, Bravo, Charlie har Zulu, ka riƙa karanta lambar kowace mota da ta wuce da su. Ka samu aboki ku yi alkawari saƙon murya tsakaninku Ingilishi ne kawai, ka riƙa sake sauraron muryarka. Mu Hausawa p da f suna cakuɗe mana, Faransanci kuma ya koya mana haɗiye h da ƙarshen kalma, waɗannan biyun ka fi ba su lokaci. Masu zuwa kasuwar Mubi da Yola kuna da ɗan fifiko na kunne, amma Pijin daban Ingilishin jarrabawa daban, kar ya ruɗe ku.

Na shida gwajin ƙwaƙwalwa da hannu. Bayan an tace dosiye wannan ne ke zubar da mafi yawan mutane. Sunayensu daban-daban, COMPASS, PILAPT, cut-e, na DLR a Jamus, amma cikinsu kusan ɗaya ne: lissafin ka ba kalkuleta, riƙe jerin lambobi a maimaita su ta baya, juya siffa a kai, bin ɗigo da sandar wasa da hannu da ƙafa, sannan a haɗa maka biyu ko uku lokaci guda agogo yana gudu. Lissafin ba mai zurfi ba ne, sauri ake so da rashin ruɗewa. Ga irin wanda nake ba ɗalibaina a tsaye ba biro. Jirgi yana gudun not 240, wato mil 240 na teku a awa, raba da 60 ka samu mil 4 a minti, to mil 60 minti 15 ke nan. Yana shan mai kilo 2,400 a awa, wato kilo 40 a minti, minti 35 ya sha 1,400. Kana ƙafa 24,000 za ka sauko 3,000, matuƙa suna lissafa mil 3 ga kowace ƙafa 1,000, 21 sau 3, ka fara gangarowa tun saura mil 63. Sanyi yana ƙaruwa wajen digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, in ƙasa 15 ne to a ƙafa 10,000 an koma 5 ƙasa da sifiri. Kishiyar alkibla kuma, da yake da digiri ake ƙirga ta, ka ƙara 200 ka cire 20, 050 ta zama 230, lambar titi kuma alkiblarsa ce aka cire sifirin ƙarshe, shi ya sa titin jirgin Njamena ake ce masa 05/23, na Garwa 09/27. Mil ɗin teku kilomita 1.852 ne, ƙafa mita 0.3048, waɗannan su zauna maka kamar lambar wayarka.

Minti 20 kullum bayan asuba ya fi awa biyar ranar Lahadi. Ka sa ƙanwarka ta riƙa jefo maka lambobi kana tafiya ko kana wani aiki da hannu, don rabuwar hankali ake gwadawa. Da kwamfuta ake yin jarrabawar, ba waya ba, wanda bai saba da linzami da allon rubutu ba ya je siba ya saba, in da hali a haɗa kuɗi mutum uku a sayi sandar wasa ta kwamfuta ana karɓa-karɓa. Kuma abin da na fi gani yana kashe yara masu ƙoƙari, in sun kuskure tambaya ɗaya sai su tsaya jin haushinta, uku na gaba su wuce. An tsara gwajin ne yadda ba mai cinye shi duka, so suke su ga ko za ka saki wadda ta wuce ka kama ta gaba. Akwai tambayoyin hali ma masu yawa da ake juya su ta fuska daban-daban, ka faɗi gaskiyarka kawai, mai ƙirƙira yana mantawa ya saɓa wa kansa.

Na bakwai CV da wasiƙa. CV shafi ɗaya ya isa, ba ado ba kala-kala. Wasiƙar ce nake so ku gyara, kowa yana rubuta tun ina yaro nake mafarkin jirgi, mai karantawa ya ga irinta ɗari kafin azahar. Ka rubuta abin da ka taɓa ɗauka a wuyanka. Misali yaron da zai ce shekara biyu ni ke riƙe da littafin shagon kawuna a babbar kasuwa, ni ke rufe lissafi kowane dare, ran da kuɗi suka yi giɓi ni na je na faɗa masa kafin ya gano, wannan ya nuna amana da faɗin gaskiya a kan kuskure, kuma su abin da suke nema ke nan. Shugabancin aji, horar da yara ƙwallo, aikin sa kai na agaji, koyar da ƙanne a islamiyya, duk suna shiga in ka faɗi abin da ka yi takamaimai. Kowane kamfani wasiƙarsa daban, ka ba malamin Ingilishi ko na Faransanci ya duba, amma kar ya rubuta maka kuma kar ka kwaso ta daga intanet, don za su tambaye ka a kanta baki da baki. Ka tura kwana uku kafin ranar rufewa, kun san halin wuta da rezo a nan.

Na takwas aikin rukuni da intabiyu, kuma nan akwai abin da ya shafe mu mu 'yan arewa kai tsaye. An rene mu da kunya, ba ka kallon babba a ido, ba ka mayar masa da magana, in ya yi kuskure ka sunkuyar da kai. A zaure tarbiyya ce mai kyau kuma ba na so ku yar da ita. A ɗakin tuƙi shirun nan kisa yake yi. Daren 5 ga Mayu 2007 jirgin Kenya Airways, Boeing 737-800, ya tashi daga Duwala zai tafi Nairobi cikin hadari, bai yi nisa ba ya faɗi a fadamar Mbanga Pongo, mutum 114 ba wanda ya fita. Binciken CCAA ya nuna na'urar tuƙi da kanta ba ta kama ba alhali an ɗauka ta kama, jirgin ya yi ta karkata dama a hankali cikin duhu, kyaftin ya rikice da inda sama da ƙasa suke, kuma rahoton ya yi magana a kan rashin haɗin aiki tsakaninsa da mataimakinsa, matashi ne mai kawaici da bai yi magana da wuri ba. Kafin nan akwai na Tenerife a 1977, jirage biyu suka yi karo a kan titi, mutum 583, yana cikin haɗurran da suka sa kamfanoni suka fara koyar da matuƙa yadda ƙarami zai tsayar da babba.

Toh shi ya sa za su zaunar da ku mutum shida ko takwas a teburi, a ba ku matsala da lokaci kaɗan, masu kallo suna gefe suna rubutu. Wanda ya yi shiru don ladabi ya faɗi, wanda ya danne kowa da surutu shi ma ya faɗi. Ka kawo ra'ayinka a taƙaice da dalili, ka riƙa duba agogo kana tuna wa rukuni, ka jawo wanda bai yi magana ba ka ce me ka gani, in wani ya fi ka hujja ka ce na yarda ka koma bayansa a fili. Ka koyi kallon mai tambaya a ido da ɗaga murya yadda za a ji ka, ka gwada da malaminka ko yayanka har nauyin ya sauka. In suka ce kyaftin ya girme ka da shekara 30 ya yi kuskure me za ka yi, amsar ita ce zan faɗa masa nan take da girmamawa kuma a fili, in bai ji ba in maimaita da ƙarfi, in abin ya kai ga haɗari in bi ƙa'idar kamfani ta karɓar tuƙi.

Tambayoyin fasaha ba sa wuce na mai sha'awa: ƙarfi huɗu da ke aiki a kan jirgi, ɗagawa da nauyi da turawa da turjiyar iska, me ya sa fiffike ke ɗagawa, bambancin injin farfela irin na Dash 8 Q400 da injin jet na Boeing 737. Ka yi amfani da garinku. In aka ce me zafi ke yi wa jirgi, ka ce a Garwa watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, iska tana yin shara-shara, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai, jirgi yana buƙatar titi mai tsawo ko a rage kaya, Ngaundere kuma tana sama da mita 1,000 a kan tudu, tsayi ma haka yake yi. Ka koyi karanta rahoton yanayi na filin jirgi, METAR, kyauta ne a intanet, lambar Garwa FKKR, Marwa-Salak FKKL, Ngaundere FKKN, Njamena FTTJ. A ce ka ga FKKR 150900Z 05008KT 1500 DU 27/04 Q1013, ma'anarsa ranar 15 ga wata ƙarfe 9 agogon duniya wato 10 namu, iska daga 050 not 8, ana hangen mita 1,500 kacal saboda ƙura, zafi 27, raɓa sai a 4 wato iska a bushe take ƙamas, matsin iska 1013. Hunturu ke nan, kai ka san shi tun kana goye, kuma ɗan takarar da ya iya bayanin yadda hazo ke hana jirgi sauka a Marwa ya bambanta da mai haddar littafi. Ka san kamfanin ma, in Camair-Co ne ka san ta fara tashi a 2011, gidanta Duwala, da garuruwan da take zuwa. In akwai na'urar kwaikwayon tuƙi ba ƙwarewa suke nema ba, so suke su ga in an gyara maka sau ɗaya ka ɗauka.

Maganar gida a gama ta kafin ranar. Za su tambaya ko iyaye sun yarda ka yi shekara biyu a waje, ko za ka iya aikin dare da ranar sallah. Ƙannena mata, ba wata ƙa'idar lasisi da ta hana ku, gwajin ɗaya ne, amma ku zauna da Baba da Inna da Bappa tun yanzu, har maganar aure da ta kayan aiki da ɗankwali, ku tambayi kamfani ƙa'idarsa a fili. Hukuncin sallah da azumin matafiyi kuma a tambayi malami a sani tun a gida. Ranar tafiya, in a Yawunde ko Duwala ne ka isa kwana biyu kafin, wanda ya taso daga Marwa ya wuni a mota ya kwana a jirgin ƙasa daga Ngaundere ba zai iya lissafin ka da safe ba, ka sauka wurin 'yan uwa a Birkiteri ko New Bell ka yi barci, ka je ka ga wurin jarrabawar tun jajibiri.

Na ƙarshe kwangila da 'yan damfara. Cikakken karatun matuƙi a Turai kan kai yuro 100,000, sama da sefa miliyan 65, ga kuma kuɗin koyon nau'in jirgin da za ka tuƙa, saboda haka duk wanda ya ce zai sa sunanka a jeri da sefa 300,000 ta Orange Money ko MoMo ko Airtel Money ɓarawo ne, ko da ya nuna maka kati da hula. Sanarwa ta gaskiya tana shafin kamfanin da kansa, imel ɗinsu da sunan kamfani yake ƙarewa ba Gmail ba. Wasu makarantu kuma suna kiran karatunsu kadet alhali ba kamfanin da ya yi alkawarin ɗauka, ka nemi ganin alkawarin a rubuce. In an ɗauke ka kar murna ta sa ka sa hannu a ranar, ka kai takardar wurin lauya ku duba tare da wanda zai tsaya maka: shekara nawa za ka yi musu dole, nawa za ka biya in ka fita, wa ke biya in ka faɗi jarrabawa ko lafiya ta hana ka a tsakiya, me zai faru in kamfanin ya rufe, wa ke ɗaukar ci da kwana da biza, lasisin wace ƙasa za a ba ka kuma CCAA ko ADAC za su amince da shi. In kai ke biyan makaranta, Zariya ce ko Addis Ababa ko Afirka ta Kudu, kar a zuba kuɗin gaba ɗaya, a biya mataki mataki. Wanda bai samu ba a karon farko ya tambayi wata nawa zai jira kafin ya sake nema kuma sau nawa aka yarda, don wasu kamfanoni suna ƙayyadewa, ya rubuta duk tambayoyin da aka yi masa tun bai manta ba. Wanda kuma likita ya tsayar, ya duba gasar shiga makarantar EAMAC da ke Yamai, ta ASECNA wato hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka mai kula da zirga-zirgar jirage, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da injiniyoyin na'urori, Kamaru da Chadi duk mambobi ne, sai dai aikin hasumiya shi ma yana neman ido mai bambanta launi, mai wannan matsalar ya tambayi sharaɗin ɓangaren yanayi ko na na'urori kafin ya biya kuɗin konkur.